Kofin da Kakana Ya Ce In Kai

Ƙararsa na fara ji kafin in gan shi. Wata Lahadi ce da rana, sanyi ya soma shigowa, 'yata ta hau kujera tana jawo jakar rigunan sanyi daga saman kabad, sai wani abu ya zamo ya bugi ƙasa, ya yi ta gangarawa har ƙarƙashin gado. Ina kicin ina yanka albasa, amma ban buƙaci in leƙa ba. Kofin ƙarfe ne mai farin fenti da shuɗin baki, fentin ya ɓare a wuri uku, kuma na san ƙararsa tun ban san dama da hagu ba. 'Yata ta zaro shi ta kawo mini riƙe da yatsa biyu, ta tambaye ni da Turanci, kamar yadda ta saba, ko ta jefa shi a shara.

Na karɓa na juya shi a hannuna ina jira in ji wani abu. Ban ji komai ba, kuma ba zan ce maka na ji ba. Shekaruna kusan ashirin ke nan a unguwar Bronx ta Amurka ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu: in yi musu wanka, in juya su, in ba su magani, in sun mutu ofis ya ba ni sabon adireshi. Duk wadda ta daɗe a wannan aiki zuciyarta takan yi kanta kamar tafin ƙafa. Na ce mata ta ajiye a kan tebur, na koma kan albasata. Hannuna ne kawai ke yanka, hankalina ya riga ya tafi zangon Takoradi, garin da na tashi.

Gidan kakana na can ƙarshen layi, inda hanya ke gangarawa wajen teku. Ba babban gida ba ne, amma kowa ya san shi saboda randar da ke ƙofarsa. Ƙatuwar randa ce, an binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin darbejiya, an rufe ta da faifai, an ɗaure moɗa da igiya a jikin bishiyar. Leburorin tashar jirgin ruwa na sha, matan ƙabilar Fanti masu ɗauke da kifi a ka na sha, 'yan makaranta na sha su watsa wa juna, har mahaukacin unguwarmu yana da lokacin zuwansa. Ruwan na da ƙamshin ƙasa da sanyin da ke kama haƙori. Randar Bature ake ce mata, ni kuma da ƙuruciya na ɗauka wani Bature ne ya gina ta.

Mu jikoki mu ke cika ta, kuma ni ce babba, don haka wuyana ya fi na kowa sanin nauyinta. Da damina babu wahala, sai a tara ruwan indararo. Da rani kuwa, in famfo ya ɗauke, sai mu bi layi a gidan wani mai rijiya, mu yi sawu huɗu ko biyar kafin kakana ya leƙa ya ce ta cika. Ko tuwon gidan zai rasa ruwan girki, randar nan ba ta kwana rabi. Kakata takan zauna tana kallonmu muna wucewa da bokiti, ta ce Bature ya mutu ya huta ya bar jikokinta da jido. Kakana kuwa ni yake juyowa ya tsokana, don uwargida yake kirana, irin wasan kaka da jika. Ya ce bai taɓa auren raguwar mace irina ba, ni kuma in ce ai haƙuri nake da shi, tsoho mai haƙori uku, ranar da na samu yaro zan tafi.

Kofin kuwa ba a shan ruwa da shi. Yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, naɗe a tsohon rawani. Sau ɗaya a shekara yake fito da shi, ranar da ruwan farko ya sauka, lokacin da ƙasa ke tashi da wannan ƙamshin da ke sa awaki hauka. Sai ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa ya wanke shi da toka, ya kife shi, ya bi wasu haruffa da lambobi da aka kankara a gindinsa da ɗan yatsa, ya tabbatar ba su goge ba. Shi bai iya boko ba, amma ya san adadinsu. Bayan la'asar sai ya sa rigarsa ta Juma'a, ya kama hannuna mu tafi maƙabartar sojoji. Ba ma shiga. A bakin ƙofa yake tsayawa ya gaisa da mai gadi, sannan ya ce, "An zo?" Mai gadi ya girgiza kai. Mu juyo, ya saya mini rake a hanya. Haka kuma yake yi duk sanda ya ji babban jirgin fasinja ya tsaya a tasha.

Bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin daga farko ba. Guntu-guntu na tsince shi, wani a bakinsa, wani a bakin kakata in tana mita. Shi mutumin ƙasar Hausa ne, da ƙafa ya biyo fatake ya zo kudu, ya yi aure, sai yaƙin Bama ya same shi. An ɗauke shi soja, amma ƙafarsa ɗaya na da rauni, don haka da abokansa suka hau jirgi shi aka bar shi a asibitin soja. Shi ne mai share ɗaki, mai kwashe fo na fitsarin marasa lafiya, mai juya waɗanda ba sa iya juyawa. Na daɗe ban lura ba cewa sana'arsa na gada.

A lokacin ana kawo jiragen sama cikin akwatuna ta teku, a haɗa su a garinmu, a tashi da su arewa. Cikin sojojin da ke wannan aiki akwai wani saurayi ɗan Ostareliya. Bai ga filin daga ba, ko harsashi ɗaya ba a harba masa ba. Sauro ne ya cije shi, zazzaɓi ya kama shi, irin wanda ke mai da fitsari baƙi. Kakana ya ce da ya ga fon ya san babu tashi, don ya kwashe irinsa da yawa. Masu jinya Turawa ba su da yawa, marasa lafiya sun cika ɗaki, saboda haka kwana ukun ƙarshe shi ne a kansa. Suna hira da Turancin bariki in zazzaɓin ya sassauta. Yaron ya ce ubansa na da tumakin da mutum zai wuni a kan doki bai gama kewaya su ba. Kakana, wanda ya tashi cikin kiwo, ya ce masa to, amma har ya tsufa in ya zo nan a labarin sai ya yi murmushi ya ce mara lafiya ba a kama shi da ƙarya.

Rana ta uku da hantsi, ana ruwa, yaron ya nemi ruwa. Kakana ya tallafo kansa ya ba shi a wannan kofin. Ya sha kaɗan, ya tura kofin cikin hannun kakana, ya rufe masa yatsu a kai, ya ambaci uwarsa sau biyu. Daga nan bai sake magana ba.

Wani zai ce mafarkin zazzaɓi ne. Kakana wasiyya ya ɗauke ta. A al'adar su kakana, in mutum ya mutu a hanya, wanda ke kansa shi ke da nauyin zuwa gidansu, ya yi gaisuwa, ya miƙa abin da ya bari, ya faɗa wa uwar yadda ɗanta ya cika. Ba a aikawa da takarda, ba a ba wa wanda bai gani ba. Da hafsoshi suka zo tattara kayan mamacin, sai ya cusa kofin a wandonsa, alhali ya san in an kama shi sunansa ɓarawo. A lissafinsa, in yaƙi ya ƙare dole wani daga gidan yaron ya zo ganin kabari, don wa zai bar ɗansa a ƙasar wasu bai zo ya ga inda aka sa shi ba? Shi ya sa da aka sallame su, abokansa suka koma arewa, shi ya zauna. Bai sake ganin garinsu ba.

Randar ta samo asali ne daga wata tambaya. Ya je wurin malamin zango ya ce yana so a yi wa yaron addu'ar arba'in. Malam ya ce ba a yi wa wanda ba Musulmi ba. Ya ce sadakar waina fa? Malam ya ce lada ba zai kai gare shi ba. Kakana ya ce ruwa fa, in ya ajiye a ƙofa kowa ya sha? Malam ya ce ruwa ko kare ka ba akwai lada, amma kada ya tambaye shi wa za a rubuta wa. Kakana ya ce wannan ba aikinsu ba ne su biyun, ya tashi ya tafi kasuwar tukwane.

Da takardar tafiyata Amurka ta fito, ya haura tamanin, idonsa ya yi hazo. Ana gobe zan tashi ya kira ni ɗakinsa bayan azahar. Na ɗauka addu'a zai yi mini. Sai na ga rawanin a cinyarsa.

"Uwargida, tunda ƙasarsu za ki, ga amanar nan."

Na ce masa ai ba ƙasarsu ba ce, Amurka daban, Ostareliya daban. Ya ce duk Turai ce, in na sauka in tambaya, matambayi ba ya ɓata. Na ce uwar ai ta daɗe da mutuwa. Ya ce ya sani, amma gida ba ya mutuwa.

"Ki yi musu gaisuwa. Ki ce bai mutu shi kaɗai ba, akwai mutum a kansa, kuma ya sha ruwa. Shi ke nan."

Na karɓa, don ba a gardama da tsoho ana gobe tafiya.

Kada ka ce ban gwada ba ko sau ɗaya. Watana biyu da zuwa na nuna wa wani Alhaji mutumin Nijar mai sayar da turare da huluna a titin 125, don an ce mini ya san gari. Ya juya kofin, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya har sai da ya dafa teburinsa. Ya ce, "Hajiya, ai da kina gida kin fi kusa da su. Daga nan sai ki kwana a jirgi ki wuni ba ki isa ba." Na ji kunya, na ji haushin kakana kuma, da ya ɗora mini abin da zai sa a yi mini dariya a bakin titi. Na dawo na cusa kofin a jaka. Ga aiki, ga ciki, ga bizata ta ƙare na zama mai ɓuya.

A lokacin sai an sayi kati ake kiran gida, a kira gidan maƙwabci, a aika yaro ya taho da tsoho a hankali. Kafin ya iso rabin katin ya tafi. Da ya karɓi wayar, kafin ya tambayi lafiyata, sai ya ce, "Kin kai?" In ce ina nema. Shekara ɗaya, biyu, uku, tambayar ba ta canja ba, har na soma ƙin kira. Wata rana na fito daga aiki ƙafafuna sun kumbura, ya sake tambaya, sai na ji bakina ya ce na kai.

Sai ya shiga yi mini tambaya.

"Wa kika tarar?"

"Ƙanwarsa."

"Kin faɗa mata maganar?"

"Na faɗa. Ta ce an gode."

Ya ce alhamdu lillahi sau uku. Sannan ya yi 'yar dariyarsa ya ce yanzu kam ya sake ni, in je in nemi yarona. Na ajiye wayar na shiga jirgin ƙasa, kuma gaskiyar magana sauƙi na ji.

Damina ɗaya ya ƙara. Ranar da ƙanena ya bugo ya faɗa mini, ina gidan wata tsohuwa Baturiya da ba ta iya haɗiya sosai, ina ba ta ruwa da cokali. Na saƙale wayar a kafaɗa, na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na goge wa tsohuwar haɓa, na cika cokali na gaba. Ba ni da takardar da zan fita in dawo, don haka ban je ba. Na dama koko na kai masallaci ranar Juma'a, mata suka yi mini ya haƙuri, na amsa yadda ake amsawa. Na yi ta jiran kuka ya zo, bai zo ba, har na daina jira. Ban tambayi kowa yadda ya cika ba.

To wannan Lahadin, da muka gama cin abinci, 'yata ta ɗauki kofin ta kife shi, ta tambaye ni lambar mece ce a gindinsa. Na ba ta labarin a taƙaice, ban da ƙaryar. Tana jin Hausa sarai, amsawa ce ba ta yi. Ta ɗauki wayarta tana latsawa, ni kuma na tashi wanke-wanke. Ban gama tukunya ta biyu ba ta ce, "Mama, zo ki gani."

Ashe ƙasarsu na da shafi inda aka jera duk sojojinsu da suka mutu a yaƙi, kowa da lambarsa. Ga shi nan, da hotonsa. Yaro ne mai manyan kunnuwa, hularsa ta karkace, bai kai ɗan maƙwabciyata da ke tuƙa tasi ba. A ƙasan hoton an rubuta ya mutu da rashin lafiya, an rubuta sunan garinmu. Abin da kakana ya shekara kusan sittin yana tambayar mai gadi, yarinya ta samo shi kafin ruwan wanke-wanke ya huce. Na tsaya ina kallo kumfa na ɗiga daga hannuna, sannan na ce ta matsa kada in jiƙa mata waya.

A shafin akwai wurin barin saƙo, kuma wata mata ta taɓa barin nata, ta ce kawunta ne. 'Yata ta bi ta samo yadda za a rubuta mata, ta ce me za ta ce. Na faɗa mata da Hausa tana mayarwa: ina gaishe su, ya haƙuri, ni jikar mutumin da ya yi jinyarsa ce, bai mutu shi kaɗai ba, akwai mutum a kansa, kuma ya sha ruwa. Ta ce ai ba a yi wa mutane ya haƙuri bayan shekara saba'in. Na ce ta rubuta yadda aka ba ni.

Bayan mako biyu amsa ta zo. Tsohuwa ce ita ma, 'yar ƙanwarsa. Ta ce kakarta takarda mai layi biyu kawai ta samu, kuma har ta mutu duk wanda ya dawo daga yaƙi sai ta tare shi ta tambaya ko ana barin marasa lafiya su kaɗai. Ta ce a garinsu in ana tuna sojoji, waɗanda aka harbe ake ɗaga murya a kansu, nasu kuwa zazzaɓi ne kawai, sai a faɗi sunansa a wuce. Maganar tumaki kuma ta ce gaskiya ce, har sun fi haka. A nan ne kaɗai na yi dariya, na ce ashe tsoho ya zalunci yaron mutane. Na naɗe kofin a rawaninsa na kai gidan waya, na karɓi rasit, na wuce wurin aiki.

Sai dai a ƙarshen wasiƙarta akwai tambaya. Ta ce tana fatan shi ma kakana, da nasa lokacin ya zo, akwai mutum a kansa. 'Yata ta karanta mini ta ɗago tana jiran amsa, na ce ta bari sai na tambayi gida.

Washegari da rana na kira goggona, autar kakana, wadda har yanzu ke gidan. Yanzu ba kati, ba aiken yaro, fuskarta ma ina gani. Ta juya wayar ta nuna mini ƙofar gida: an sare darbejiyar, an kafa kwantena a wurin, jikarta na sayar da ruwan leda mai sanyi. Randar ta tsage tun tuni, ba wanda ya ga dalilin sayen wata. Ta ce tun ranar da na ce na kai bai sake zuwa maƙabarta ba, sai dai ya zauna a gindin bishiya yana gaisawa da masu shan ruwa. Na bar wannan ya wuce, na tambaye ta wa ke kansa ranar da ya cika.

Ta ce, "Ke kuma sai yanzu? Ba mu nan ai, duk mun tafi suna. Wani mai wucewa ne ya tsaya shan ruwa ya gan shi a kujera, ya shiga layi yana kiran mutane."

Na ce ya tarar da shi da rai?

"Wa ya sani? Ba wanda ya tambaye shi. Kafin mu dawo ya tafi, ko sunansa ba mu ji ba."

Muka yi maganar ciwon gwiwarta da tsadar kifi, muka yi sallama.

Da 'yata ta dawo daga makaranta ta zauna da wayar a hannu ta ce me za ta rubuta wa matar. Na daɗe ina kallon inda kofin ya kwana a kan tebur. Ina da shekara ta hamsin a gabana, na rufe idon tsofaffin mutane da yawa a garin nan, kuma duk 'ya'yansu in sun iso daga nesa tambaya ɗaya suke yi mini, ita ce wannan. Na san fuskar mai jiran amsarta ko da ban gan ta ba.

Na ce, "Ki ce mata akwai mutum a kansa."

Ta rubuta ta aika. Har yau ban sani ba ko gaskiya na faɗa, ko kuwa ƙarya ta biyu ce na yi a kan kofi ɗaya. Na tashi na goge rigar aiki, don tsohuwar da nake kula da ita yanzu ba ta son in makara, kuma ba ta shan ruwa sai an tallafo kanta.